Rigar Baba Kwada Ta Je Kaduna

Duk wanda ya zauna a Mubi a wancan zamani ya san muryar Malam Tizhe, ko da bai san fuskarsa ba. In yana koya wa 'yan aji shida lissafi, har masu tallan gyaɗa a bakin titi sai sun kwashi darasi. Shi ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'Yan Bakin Mayo, wato bakin rafi, shi ke raba wa kowa rawar da zai taka, shi ke fara shiga fili, shi ne kuma na ƙarshen fita. Ba a taɓa zaɓensa shugaba ba, don ba wanda ya taɓa jin akwai buƙatar zaɓe. Sunansa ma ya gama magana: a wajen ƙabilarsu ta Kamwe, Tizhe ɗan fari ne, mai bi masa kuwa Zira. Shi Tizhe dai ya ɗauki wannan jerin da nauyi fiye da yadda iyayensa suka nufa.

Ƙanen nasa Zira tela ne, yana da ɗan shago a gefen kasuwa. Mutum ne da sai ka ce "me ka ce?" sau biyu kafin ka kama maganarsa. Aikinsa a ƙungiya shi ne ɗinka kayan wasa, in kuma ana neman wanda zai wuce ta baya ɗauke da buhu, sai a kira shi.

A shekarar 1971, shekara goma ke nan da jefa ƙuri'ar da ta bar Mubi a cikin Najeriya maimakon maƙwabciyar ƙasa, Tizhe ya ce za su yi wasa a kan ranar. 'Yan Bakin Mayo ba sa rubuta wasa. Dokarsu, wadda Tizhe da kansa ya kafa kuma yake alfahari da ita, ita ce kowa ya kawo abin da idonsa ya gani, shi ne kuma zai kwaikwaye shi. Andrawus makaniki ya ga ɗan doka yana korar akuya daga layin masu zaɓe, sai ya zama ɗan doka. Tizhe ya sha jin masu lasifika na ɓangarori biyu suna zuba wa mutane alkawari, sai ya haɗa su duka ya ɗauka, yana canja hula kawai. Da aka zo kan Zira, sai ya ce shi Baba ya gani.

Gaskiya ne kuwa. Ranar ƙuri'a an tura Tizhe Sorau aikin malamin zaɓe. Zira ne ya riƙe hannun mahaifinsu, Baba Kwada, wanda idonsa ya riga ya yi rauni, ya kai shi har cikin rumfar zana, gaban akwati biyu. Gonarsa tana nan gefe, ƙanwarsa da 'ya'yanta suna bayan dutse a wancan gefen iyaka, aka ce ya zaɓa. Baba ya rasu bayan shekara biyu. Da aka zo rabon kayansa, baffanninsu suka miƙa wa Tizhe rigarsa ta saƙi mai ratsin shuɗi da hularsa, tunda shi ne babba. Yanzu da wasan ya taso, Tizhe ya fito da su daga akwati ya ara wa Zira, yana cewa a ransa ai ɗan gajeren wuri ne, ya ba mutane damar hutawa daga dariya.

Sai ɗan gajeren wurin ya zama shi ne wasan. Tizhe bai taɓa ganinsa da idonsa ba, domin daidai lokacin yana bayan zana yana canja hula, yana shan ruwa. Abin da yake ji kawai shi ne filin makaranta, cike da mutane da yara da masu sayar da rake, ya yi tsit. Shi da ya shekara da shekaru yana tsage maƙogwaro bai taɓa sa wannan filin ya yi shiru haka ba. Dariya yake samu, da tafi, har da guɗa. Amma in an tashi, tsofaffin mata wajen Zira suke zuwa su riƙe masa hannu. Tizhe yakan tsaya gefe yana naɗe tabarma da ƙarfin da tabarma ba ta buƙata.

Ana cikin haka wani baƙo ya sauka daga Kaduna, Maharazu, ma'aikacin talabijin, siriri mai tabarau, wanda ke yawo lardi-lardi yana neman wasannin da za a sa a wani shirinsu na al'adu da al'amuran yau da kullum. A Mubi ba mai akwatin talabijin, ko da akwai ma hoton ba ya isowa. An dai ji labari cewa kamar majigi ne ƙarami a cikin ɗaki. Wannan bai hana garin ɗauka ba. Tizhe ya tarbi baƙon, ya ba shi kujera a sahun gaba, ya kuma yi wasa ran nan kamar zai fasa sama.

Da aka tashi, Maharazu ya gaisa da shi, ya ce madalla, sannan ya leƙa bayan kafaɗarsa.

"Ina tsohon nan?"

Aka kira Zira, ya fito yana share gumi da hannun rigar.

"Kai ka shirya wannan wurin?" in ji Maharazu.

"A'a, ranka ya daɗe. Abin da na gani ne. Babanmu ne."

"Na ji ka yi wata magana a hankali, da yarenku, kana durƙushe. Ban gane ba, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Wata mai zuwa za ku zo Kaduna. Ko sauran duka za su yi latti, kai kada ka yi."

Da wasa ya faɗa, aka kuma yi dariya. Tizhe ma ya yi, da haƙora. A hanyar kai baƙon masauki ya ɗan gwada sa'arsa, ya ce Hausar Zira ba ta fita sosai, mace ma "ya ce" yake ce mata, kada mutanen Kaduna su yi musu dariya. Maharazu ya ce ai tsohon ba magana yake yi ba, kuma fuskarsa kaɗai ta ishe shi cika akwati.

Wannan kalma ta fuska ita ta zauna wa Tizhe a wuya. Kishi ne, tsagwaronsa, ba wani suna da za a sa masa. Ya wuce kasuwa a kan keke, mahauta suka ɗaga masa hannu suna cewa a gaida ɗan Kaduna, ya san ba shi suke nufi ba. A coci, bayan sujada, fasto ya sa Zira ya miƙe aka yi masa addu'ar tafiya, sannan ya ƙara da cewa "da sauran 'yan ƙungiya". Malam Tizhe, wai shi ne sauran 'yan ƙungiya. Tuwo ya daina shiga masa, ya koma dukan yara a kan ƙananan kurakurai.

Matarsa Salomi ta gaji da kallonsa yana juya miya da yatsa.

"Ƙanenka ne fa," ta ce.

"Na ce ba ƙanena ba ne?"

"To ka ci abinci. In an gan shi an gan ka."

"Wa ya kafa ƙungiyar nan? Wa ya je wajen hedimasta ya roƙi fili? Mutumin da ko kiran sunansa ba ya iya amsawa da ƙarfi."

"Ba don ƙungiya kake wannan ba," in ji ta, tana kwashe kwanon. "Don sun ce ya yi kama da Baba ne."

Ta taɓa inda ke ciwo. Shi ne aka tura makarantar horon malamai, ya yi shekaru a waje, ya dawo da takalmi da Turanci. Zira ya zauna gida, ya yi noma da tsohon, ya yi jinyarsa. Tizhe ya daɗe yana ganin shi ya ci riba a wannan rabon. Yanzu ga shi za a nuna wa duk Arewa Baba Kwada, kuma ba a jikin ɗansa na fari ba.

Ana saura 'yan kwanaki tafiya, ya je shagon Zira da hantsi. Ya tarar da shi ya shimfiɗa rigar a kan tebur yana yi mata guga da dutsen gawayi. Suka gaisa da yarensu. Tizhe bai zauna ba.

"Rigar nan na zo karɓa."

Zira ya ajiye dutsen gugar a gefe. Ya dubi rigar, ya dubi yayansa.

"Za ka ajiye ta ne zuwa ranar tafiya, Yaya?"

"Ni zan sa ta. Ba a ba ka ita ba, aro na ba ka. Abin da za a nuna wa duniya ne, ba filin makaranta ba. In za a fito da Baba gaban mutane, babba ne ya kamata ya fito da shi. Motar ma ba wuri. Kai ka zauna da Mama."

Ya zo a shirye da faɗa. Ya tanadi amsar kowace gardama tun daga gida, har da wadda zai bayar in an tuna masa da dokar ƙungiya. Zira bai tuna masa da komai ba. Kunnuwansa kawai suka motsa, sannan ya ce, "To, Yaya." Ya ɗauki tef ya zagayo ya auna masa kafaɗa, ya ce za ta ɗan matse shi a hammata, bari ya saki ɗinkin. Tizhe ya tsaya kamar gunki ana auna shi, haushi na cinsa, don mutum ba ya jin daɗin nasarar da aka miƙo masa da hannu biyu.

Da Zira ya gama, ya naɗe rigar da hular a cikin takardar siminti mai tsabta. Yana miƙawa ya ce, "In nuna maka yadda ya yi?"

"Ubana ne tun kafin ya zama naka," in ji Tizhe. "Na riga ka saninsa."

Ya ɗaure ƙunshin a bayan keke ya tafi. Sauran 'yan ƙungiya da suka ji, sun yi gunaguni a bayan idonsa, a gaban idonsa kuwa ba wanda ya iya. Andrawus aka ɗora wa lasifika. Tizhe ya zauna ya tsara wa Baba jawabi mai ratsa jiki a kan ƙasa da iyaka da jini ɗaya, ya haddace shi a bakin mayo yana yi wa shanu. Ya gaya wa Zira da Mama rana da lokacin da za a watsa shirin, Asabar da la'asar sakaliya, don dai a san ya faɗa.

Tafiyar ta ba su kashi. Sun isa Kaduna jiki duk ƙura, ranar Asabar ɗin da safe aka shigar da su wani ɗaki mai faɗi marar taga, fitilu rataye a sama suna zuba zafi kamar bakin murhu, igiyoyin lantarki a ƙasa ko'ina. Maharazu ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi.

"Ina telan?"

"Aiki ya riƙe shi," in ji Tizhe. "Ni zan yi tsohon. Ai ubanmu ɗaya."

Maharazu ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Kai tsaye za a watsa, Malam, ba gyara. Mu gwada mu gani."

Aka zana musu alli a ƙasa inda kowa zai tsaya. Aka jera akwati biyu. Tizhe ya shigo cikin rigar Baba, ta zauna masa cif, ya ɗaga hannu ya fara jawabi. Bai kai rabi ba wani mai abin ji a kunne ya fizge shi daga kansa yana yamutsa fuska.

"Tsaya, Malam," in ji Maharazu. "Nan ba fili ba ne, ko numfashi ka yi ana ji. Kuma wa ya kawo jawabi? Wanda na gani a Mubi bai yi jawabi ba. Yi abin da ya yi."

Tizhe ya tsaya. Sai yanzu ya tuna cewa bayan zana yake kullum. Ya san an yi shiru, bai san abin da aka yi a cikin shirun ba. Andrawus ya matso ya raɗa masa: yakan tuɓe takalmi a bakin rumfa, ya shafa akwatin farko da tafin hannu, ya shafa na biyu, ya durƙusa tsakaninsu, ya ce wani abu, sannan ya jefa.

"Me yake cewa?"

"Wallahi ban sani ba, ni ina can da akuya. Kuma ai ba na jin yarenku."

Tizhe ya tuɓe takalmi. Ya shafa akwati, ya shafa ɗayan, ya durƙusa. Duk abin da aka lissafa masa ya yi shi daidai, kamar yaro mai bin umarni a fareti. Yana durƙushe idonsa ya faɗa kan wani ƙaramin akwati a gefe, inda ake ganin abin da kyamara ke ɗauka. Ga riga nan, ga hula, ratsin shuɗin ya koma toka-toka. A tsakaninsu kuwa fuska ce ta cika gilashin, haɓa a ɗaure, jijiya ta tashi a goshi. Ya nemi mahaifinsa a ciki bai same shi ba. Wani ƙaton mutum ne kawai da ya sa kayan da suka yi masa daidai, yana jin haushin wani.

Suka sake, suka kuma sakewa. Maharazu ya zo ya tsuguna kusa da shi, ya yi ƙasa da murya don kada sauran su ji.

"Wannan tsohon fushi yake yi. Na Mubi ba fushi yake ba. Kai ɗansa ne, gaya mini, me ya ce a wurin nan? Ko kalma ɗaya ce, mu kama daga nan."

Tizhe ya buɗe baki. Yana iya ƙirƙiro wani abu, Maharazu ba Kamwe yake ji ba. Amma da rigar a jikinsa, har yanzu da ɗan warin hayaƙin ɗakin tsohon a wuyanta, ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Ba na wurin," ya ce. "Ina Sorau."

Maharazu ya dubi agogo, ya miƙe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce a cire wurin tsohon gaba ɗaya, masu layi su shiga rumfa su fito, a wuce. Ya ce Andrawus ya koma ɗan dokansa, Malam ya koma lasifikarsa, amma don Allah ya rage murya.

Haka aka yi. Tizhe ya cire rigar ya rataye a jikin wata kujera. Da la'asar jar fitila ta kama, ya shiga ya yi masu lasifikarsa biyu, yana canja hula, har mai kyamara yana danne dariya. Kusan rabin shirin fuskarsa ce. Bayan wasan wata mai gabatarwa, Binta, ta zauna da shi ta yi masa tambayoyi a kan Mubi da shekara goman nan, ta kira shi uban ƙungiya. Duk abin da ya kwana yana so ya same shi, har da ƙari. Ya fito daga ɗakin bakinsa ba ɗanɗano.

A hanyar dawowa ba wanda ya tayar da zancen. Shi ma ya lissafa: ba mai talabijin a Mubi, ba wanda ya gani. In ya roƙi 'yan ƙungiya su yi shiru, wataƙila su yi, na ɗan lokaci.

Suka sauka a tasha da rana tsaka. Bai nufi gida ba, ƙafarsa ta kai shi gefen kasuwa, ƙunshin takardar siminti a hammata. Zira na kan keken ɗinki. Da ya gan shi ya miƙe da sauri har zare ya tsinke, ya karɓi jakarsa, ya share masa benci, ya aika a kawo ruwa. Murna yake yi ta gaske, ba wani abu a ƙarƙashinta, kuma wannan ya fi komai wuya.

"Sannu da hanya, Yaya. Ran Asabar na rufe shago tun azahar," ya ce. "Na je gida. Mama ta yi wanka, ta sa zanenta na coci. Ta tambaye ni ina ne Kaduna, na nuna mata yamma. Muka fito da kujeru tsakar gida muka zauna muna kallon wajen. Maƙwabta ma sun shigo. Da inuwa ta kai bakin rumbu na ce mata yanzu Baba yana shiga rumfa. Ta ce kowa ya yi shiru."

Ya ɗan yi dariya, kamar mai jin kunyar abin da ya faɗa.

"Ba mu ga komai ba, ka sani, sai kaji. Amma ta ce ta ji a jikinta. Tun ran nan take jiranka. Ya fito da kyau?"

Tizhe ya dubi ƙunshin da ke kan cinyarsa. Muryar da ake ji daga aji shida har bakin titi, yau sai da Zira ya sunkuyo kafin ya kama ta.

"Bai fito ba."

"Hoton ne bai yi kyau ba?"

"An cire wurin. Ban iya ba."

Zira ya daɗe a sunkuye. Sannan ya koma kan kekensa ya zauna, ya kama bakin zaren da ya tsinke, ya lasa, ya yi ta neman kafar allura. Bai ɗago ba.

"Ni ba zan iya gaya mata ba, Yaya," ya ce. "Kai ne babba."